Na tura sandar besbol ɗina a tantance, ga yadda ta kaya

Wallahi da farko na ɗauka ɓarnar kuɗi ce, amma yanzu na gode Allah da na tura. Wata tsohuwar sandar Louisville Slugger ce na siya a gwanjo, mai siyarwa ya rantse min wai ɗan wasa ya buga gasa da ita, ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya, shi ne na aika wa wani kamfanin masu tantancewa a Amurka.

Gaskiya sun san aikinsu. Tambarin nan na tsakiya da mai ƙera sandar wato kamfanin Hillerich & Bradsby ke ƙonawa a jikin katakon suka fara dubawa, don yanayin rubutunsa na canzawa da zamani, kuma akwai kalmar Powerized a gefe wadda sai wajen farkon shekarun 1930 aka fara sa ta. Sai gindin sandar, nan fa asiri ya tonu, an buga tsawonta inci 34 a wurin, wato irin ta kanti ce da kowa ke siya, ta ƙwararru lambar samfuri ake bugawa a nan kafin 1976 a maida ta sama wajen da ke bugun ƙwallo. Sun auna nauyi, sun duba tabon ƙwallo da danƙon da ake shafawa a mariƙi, har hotuna suka sa min a rahoton.

Raina ya sosu ba kaɗan ba, amma gara da na sani. Inda suka ban haushi kawai jira, sati bakwai ba ko saƙo ɗaya sai da na yi ta bibiya.