Hattara da garin furotin na awo da ake tallatawa a waya

Masu ɗaga ƙarfe da masu neman cikar jiki, a kula. Tallan garin furotin, wanda ake rubuta whey a jikin robarsa, ya cika WhatsApp da Instagram da TikTok, kuma da yawa daga abin da ake aikowa algus ne. Salon nasu kusan ɗaya ne: hoton robar wani sanannen kamfani, farashi rabin na kanti, a biya kafin a turo. Wasu kuma su ce sun sayo buhu ne suna aunawa a leda don su sauƙaƙa wa mutane.

Farashin kaɗai ya isa ya tona su. Wannan gari daga ruwan da ke tsatsowa idan an yi cuku ake samunsa, kuma furotin ɗin da ke cikin ruwan bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sai an tace fiye da lita 100 kafin a fitar da kilo guda na gari. Daga waje ake shigo da shi, da dala ake biya, ga kuɗin jirgi da na kwastam. To ta ina arahar za ta fito? Araha dai ba ta ado.

Na gaskiya, wanda aka rubuta concentrate yana da furotin kashi 70 zuwa 80, isolate kuma 90 ko fiye. Ke nan cokalin awo na giram 30 zai ba da furotin giram 21 zuwa 27. Duba bayan roba ka raba da kanka. Idan awon giram 100 ne ko fiye amma furotin ɗin 20 ko 30, garin ƙara ƙiba aka miƙo maka, wanda yawancinsa sitaci ne da sukari.

'Yan algus na gida ba sa wahalar da kansu. Su samo robar da aka shanye, su cika ta da fulawa ko sitaci da madarar gari, a zuba ɗan garin cakulan ko ƙamshin banila, a manne baki da gam. Shi ya sa ma wanda ya gama da robarsa ya kamata ya huda ta kafin ya yar.

Gwaji biyu ake yi a gida. Dama cokali ɗaya a ruwan sanyi, ka ɗiga masa aidin irin na wanke ciwo. Ya koma shuɗi mai duhu kamar tawada? Akwai sitaci. Sannan ka zuba wa wani cokalin tafasasshen ruwa. Furotin na gaskiya zai tsinke ya yi gudaji-gudaji kamar ƙwai da aka fasa a ruwan zafi. Na fulawa kuwa kauri zai yi sumul, ya kama cokali kamar koko. Kada a sha wanda aka ɗiga wa aidin.

Amma akwai ha'incin da gwajin gida ba ya kamawa. A ɗakin bincike, hanyar da aka saba auna furotin ita ce a auna sinadarin naitirojin da ke cikinsa a ninka. Saboda haka wasu masu haɗawa sukan zuba sinadarai masu araha da ke ɗauke da naitirojin, irin su glycine da taurine, lissafi ya hau a takarda alhali tsoka ba ta samun abin da take buƙata. Idan ka ga sunayen nan a jerin kayan haɗi kusa da farko, ka ajiye robar. Wannan ƙofa aka bi a Sin a 2008, aka zuba sinadarin melamin a madarar jarirai: yara kusan 300,000 suka kamu da ciwo, shida suka rasu, galibi ta matsalar ƙoda.

Mafi muni shi ne wanda ake yi wa kirarin "za ka ga canji cikin sati ɗaya". Furotin ba ya aiki haka. Garin da ya kumbura fuska da ciki cikin 'yan kwanaki, a yi zargin an haɗa shi da maganin ƙiba irin dexamethasone, wanda ke tara ruwa a jiki, ya tayar da sukari da hawan jini. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke lokaci guda, ya ga likita tukuna, domin yankewar gaggawa ma tana da haɗari.

Kafin ka biya, nemi bidiyon robar a rufe, da ledar wuyanta da takardar da ke manne a bakinta. Lambar rukuni da ranar lalacewa su kasance bugun inji a jikin robar, ba sitika da aka liƙa a kan wata ba. A duba lambar NAFDAC a manhajar Greenbook ta hukumar, a tabbata sunan kayan ya dace da lambar, don ana satar lambar wani kaya a buga. Tambarin Informed Sport ko NSF, masu gwada ingancin irin waɗannan kaya, shi ma ana iya bincika shi a shafinsu.

Ko na gaskiyar ma abinci ne kawai. Mai atisaye na buƙatar kusan giram 1.6 na furotin a kowane kilo na nauyinsa a rana, wato giram 112 ga mai kilo 70, kuma cokali ɗaya daidai yake da ƙwai huɗu. Ga wake, awara, kifi da kindirmo. Wanda madara ke ɓata wa ciki, concentrate zai iya sa masa kumburi da zawo, mai ciwon ƙoda kuma kada ya fara sai da izinin likita.

Wanda aka riga aka sayar wa na jabu ya daina sha, ya adana robar da shaidar tura kuɗi da hirarsu, ya kai ofishin NAFDAC na jiharsa.