Sharhi: gyaran da aka yi wa babur mai ƙafa huɗu na yarona don ya iya rairayin bakin teku

Babur ɗin ƙirar Chaina ne, mai ƙafa huɗu, injinsa 110cc, irin wanda giyarsa gaba da baya ce kawai, kulocin kuma da kansa yake kamawa. Na saya wa yarona ɗan shekara 12 a hannun wani maƙwabci da 'ya'yansa suka girme shi. A layinmu na Ajah a Legas, inda ƙasa take a daddaɓe, ba ni da ƙorafi a kansa. Amma da muka ɗora shi a bayan fikof muka kai shi bakin tekun Eleko, yana shiga busasshen rairayi sai ya tsaya yana gurnani, tayoyin baya suna haƙa wa kansu rami, mu kuma muna turi. Wannan sharhi na aikin da wani makaniki ya yi masa ne, da kayan da na saya, da wanda ya yi amfani a cikinsu da wanda kuɗi kawai ya ci.

Legas ba ta da tuddan rairayi na gaske irin na Tulo-Tulowa a ƙasar Yusufari ta jihar Yobe, ko waɗanda mutanenmu ke hawa idan sun je Dubai. Abin da muke da shi shi ne shimfiɗar yashi mai laushi a gaɓar teku, da 'yan gangare da tudu-tudu da iska da igiyar ruwa suka tara a bayan gaɓar. Su ma wuraren raguwa suke yi: Bar Beach ta zama Eko Atlantic, a 2024 kuma aikin titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba ya cinye gaɓar Landmark. Shi ya sa mai son fili sai ya nausa ta hanyar Lekki zuwa Epe, can wajen Ibeju. To amma ga ƙaramin inji, yashi yashi ne. Abin da zai kafe shi a Yusufari shi ne zai kafe shi a Eleko.

Makanikin mutumin Katsina ne, tsohon mai gyaran acaɓa. Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a Eti-Osa da wasu ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022, ya koma gyaran janareto da Keke, yana kuma duba wa masu ba da hayar irin waɗannan babura a bakin teku. Kafin ya taɓa sifana, sai ya danna tayar baya da babban yatsa, ya ɗago ya dube ni.

"Alhaji, wa ya sa wa wannan iska?"

Na ce mai facin bakin titinmu. Ya ce ai ya gani. Mai faci ya saba da mota da Keke, don haka ya ɗura mata sama da psi 20 (psi shi ne ma'aunin iskar taya), alhali tayar irin wannan babur tsakanin psi 3 da 5 take so. Taya mai tauri tana tsayawa a kan ɗan siririn tsakiyarta, ta yanka yashi ta nutse. Idan aka sace iskar sai ta baje, cikinta ya kwanta, nauyin ya rarrabu, ta riƙa tafiya a saman yashin. Ya sauke ta zuwa psi 3. Ya gargaɗe ni kada in yi ƙasa da haka sosai, don a kwana mai tsanani bakin taya na iya zamewa daga rim, yashi ya shiga tsakani. Ya kuma ce lallai tayoyin baya biyu su zama daidai wa daida, saboda sanda ɗaya ce ta haɗa su, tare suke juyawa. Idan ɗaya ta fi ɗaya kumburi babur zai riƙa janyewa gefe.

Gejin mota ba ya karanta iska kaɗan haka, allurarsa ko motsi ba ta yi. Sai da na sa aka nemo mini ɗan ƙaramin geji na ƙaramar iska. Shi ne mafi arha a duk abin da na saya, kuma in aka ce in zaɓi ɗaya in bar sauran, shi zan ɗauka. Da wannan kaɗai, ba a kwance ko noti ɗaya ba, babur ɗin ya daina binne kansa a shimfiɗaɗɗen wuri. Tudu ne ya rage.

A nan ne muka shiga maganar sufuroket, wato faifan haƙoran da sarƙa ke hawa. Na gaba haƙora 14 ne, na baya 37. Ni da farko tunanina ya tafi ga inji, ko a ƙara masa girman fistin. Makanikin ya ce injin ba shi da laifi, giyar ce ta yi masa tsawo: an tsara shi don gudu a busasshiyar ƙasa, shi kuwa yashi ja yake so. Ya sa na gaba mai 13, na baya mai 41, ya ƙara wa sarƙa tsawo kaɗan. Idan ka raba 37 da 14 za ka samu kusan 2.6, idan ka raba 41 da 13 za ka samu kusan 3.15. Ƙarfin jan da ke isa tayar ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar ke nan, ƙarshen gudun kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida.

Wannan raguwar gudu ita ta fi burge ni a duk aikin, kuma ita ce abin da nake so iyaye su gane. A jikin totur, wanda yaro ke dannawa da babban yatsa, akwai wani sukuru da ake ɗaurewa don kada totur ya buɗe duka. Da, ina cikin tsaka mai wuya: in na ɗaure shi babur ba ya motsi a yashi, in na sassauta shi kuma da zarar yaro ya fito kan jiƙaƙƙen yashi mai tauri sai ya fyalla da gudun da zuciyata ba ta so. Yanzu da aka gajarta giyar, na sassauta sukurun, injin yana samun numfashin hawa tudu, amma ko an danne totur har ƙarshe gudun bai kai na da ba. Kulocin ma ya huta. Irin wannan kuloci sai inji ya ɗauki zagaye yake kamawa sosai. In ana ja da ƙyar a yashi yana zamewa ne yana zafi, har ka ji warin ƙonewa. Tun da aka sauya sufuroket ban sake jin wannan wari ba.

Uwar yaran ba ta yarda da maganar babur ɗin ba tun farko, kuma tana da hujja. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka shawararta ita ce kada ɗan ƙasa da shekara 16 ya tuƙa irin wannan abin hawa. Ko masana'antun can da suke yin na yara, ƙa'idarsu ita ce na 'yan shekara 10 zuwa sama ya fito daga kamfani a ɗaure, kada ya wuce mil 15 a awa, kusan kilomita 24, sai iyaye sun ga dama su saki. Da na ce mata an kai shi gyara don ƙarin ƙarfi, sai ta ce, "Abban yara, ƙarfi kuma?" Sai da na nuna mata cewa gudunsa raguwa ya yi sannan ta sassauto. Sharuɗɗanta suna nan: hular kwano mai rufe haɓa, tabarau na yashi, takalmi rufaffe, ba goyo, kuma ba ya kusantar inda igiyar ruwa ke bugawa. Duk wanda ya san tekun Legas ya san ba wurin wasa ba ne. Makanikin ya gyara igiyar nan ta baya da ake fizgewa inji ya mutu, wadda na tarar an ɗaure ta da waya, ya kuma kafa doguwar sanda mai jan ƙyalle a baya don wanda ke ɗaya gefen tudu ya hango yaro kafin su yi karo.

Sai matatar iska. Wadda ta zo da babur ɗin ƙaramar raga ce a buɗe, a maƙale a bakin kafireto, daidai inda tayar gaba ke watso yashi. Da ya cire ta ya shafa yatsa a cikin maƙogwaron kafireton, ya miƙo mini: yatsan ya fito da ƙurar yashi mai ƙyalli, tana ƙaras-ƙaras in ka murza. Wannan ita ke shiga ta goge zoben fistin da silinda har inji ya fara hayaƙi. Ya sa matatar soso mai hawa biyu, ya jiƙa ta da mai ya matse, ya shafa giris a bakinta inda take zama, ya kuma yanko roba ya yi mata 'yar garkuwa. Wannan ba ta ƙara ƙarfi ko kaɗan, kare injin kawai take yi. Sai dai ranar farko ya cika mata mai da yawa, babur ya riƙa shaƙewa yana baƙin hayaƙi, sai da muka koma ya sake matse ta.

Yanzu ga inda kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Wani mai shago a kasuwar kayan gyara ya cika ni da daɗin baki har na sayi salansa mai ƙara da ɗan akwatin wuta na CDI mai launin shuɗi, wai na tsere. Su biyun sun fi duk sauran kayan tsada a haɗe. Makanikin bai so ba, amma ya ce tun da an saya a gwada. Salansar ta buɗe numfashin inji, sai mai ya yi masa kaɗan. Ya kwance fulogi ya nuna mini bakinsa ya yi fari fat, alamar zafi ya yi yawa. Ya ce a Legas abin ya fi tsanani, don muna daidai da teku, iska ta fi kauri, ba kamar Jos ba da ke sama da mita 1,200. Dole aka sa jet mafi girma, wato 'yar ƙofar da mai ke bi a kafireto, kafin fulogin ya koma ruwan ƙasa. Bayan duk wannan wahala, a kan tudun da muke gwaji ban ga bambancin da zan iya rantsuwa a kai ba. Abin da ya ƙaru ƙara ce, har yaro ba ya jin kirana daga nesa, dawakan haya na bakin teku kuma suna zabura in ya wuce. Na sa aka mayar da tsohuwar salansa da tsohon jet. Akwatin shuɗin kuwa abin da yake yi shi ne ya bar inji ya wuce iyakar zagayensa, kuma ba abin da nake nema ke nan a injin da iska ce kaɗai ke sanyaya shi ba. Yana cikin durowa.

Tayar yashi mai fikafikai, wadda ake gani a bidiyon Dubai, ban saya ba, kuma na gode wa makanikin da ya hana ni. Ya ce tana kamfatar yashi da yawa, sai inji mai ƙarfi ke iya juya ta. A 110cc za ta danne shi ne. Ga shi ba ta da amfani a layi, girgiza za ta yi ta yi tana cinyewa. Yaronsa na shago ya kawo shawarar a sa taya mafi tsayi, shi ma ya ce a'a, don tsayin taya zai mayar da giyar inda aka baro ta.

Akwai abin da gyara ba ya yi, sai koyo. Yaron ya ɗauki lokaci kafin ya gane cewa a yashi ba a sakin totur gaba ɗaya a tsakiyar hawa, ba a kuma danna shi farat ɗaya daga tsaye. Ya koyi miƙewa ya kai nauyinsa gaba in zai hau, ya ja baya in zai sauka, ya karkata ciki a kwana. In ya ga ba zai kai saman tudu ba, ya juya kan babur ƙasa tun yana da sauran gudu, kada ya ratsa gangare a kaikaice, don nan ne ake kifewa. Na kuma hana shi tarin yashin da masu haƙo yashi daga ruwa ke jibgewa a filayen Lekki da Ajah. Daga nesa yana kama da tudu, amma gefensa a tsaye yake kuma yana iya zaftarowa.

Game da makanikin kansa: hannunsa yana da kyau, yana bayani, bai kuma tura ni sayen abin da ba na bukata ba. Aibinsa alƙawari. "Gobe in sha Allahu, Alhaji" ɗinsa tana iya kai mako, musamman in an ɗauke wuta a unguwa janareto sun taru a gabansa. Na kuma tarar da noti ɗaya na garkuwar sarƙa bai ɗauru ba bayan ya gama, don haka duk wanda ya kai masa aiki ya bi da sifana ya duba kafin ya ɗora yaro. Kuɗin aikinsa bai yi yawa ba in aka duba abin da ya yi.

Gishirin teku kuma ba ya jira. Duk ranar da muka dawo, kafin magariba sai an wanke babur da ruwan famfo, a bar shi ya bushe, a goge sarƙa a sa mata mai kaɗan, ba giris mai kauri ba, don giris yana riƙe yashi ya zama abin da zai cinye haƙoran sufuroket. Soson matatar iska ana wanke shi kowace fita. Baƙin mai ina sauya shi da wuri fiye da da, kuma na babur nake sa masa, ba na mota ba, saboda kulocin a cikin man yake. Muna kuma kashe inji ya huce lokaci-lokaci, tun da a hankali yake tafiya ga aiki mai nauyi, iskar da ke busa shi ba ta da yawa.

Abin da bai warware ba har yanzu shi ne boris na sandar baya. Yashi yana samun hanya ya shiga duk da wankin, ya fara 'yar ƙara in an juya tayar da hannu. Makanikin ya ce zai nemo mai rufin roba gefe biyu a kasuwar kayan gyara ta Ladipo, in ya samu ya kira ni.