Audacity da NVDA: Yadda Na Gutsura wa Inna Tafsirin Azumi

Azumin bana ni aka ɗora wa ɗaukar tafsirin masallacin unguwarmu, don kowa ya san makahon nan ba ya rabuwa da waya da kwamfuta. Bayan la'asar sai in ajiye waya kusa da lasifika, in tashi da sauti guda mai tsawon kusan awa biyu. Inna ce ta fara ƙorafi. Ƙaramar wayarta mai madannai ba ta riƙe inda aka tsaya. Caji ya ƙare ko wani ya kira, sai ta koma tun daga a'uzu. Ta ce, "Kai ɗan nan, ba za a gutsura mini shi ba?"

Audacity na ɗauka, manhajar gyaran sauti ta kyauta da ta fito tun shekarar 2000. Na haɗa ta da NVDA, mai karanta mini abin da ke kan allo, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka gina. Ita ma ba a biyan ko kwabo.

Ranar farko sai da na yi tuntuɓe: wayata tana ɗaukar sauti a wani nau'in fayil da ake kira M4A, shi kuwa sai an ƙara wa Audacity wani ɗan ƙari mai suna FFmpeg kafin ta buɗe shi. Ƙanena ya sauko mini da shi, tun daga nan ban sake tunawa da zancen ba.

Da yake ni ma ina son banza, na fara da Label Sounds, wata dabara ta cikin Audacity wadda ke bin sauti tana sa alama duk inda aka yi shiru. Ai kuwa na ga ta kaina. Duk wanda ya taɓa zama wurin tafsiri ya san inda shirun yake: mai jan baki ya kai aya, ya yi shiru, malam ya gyara murya sannan ya fara fassara. To nan na'ura take yankawa, ta raba aya da bayaninta, ka ji Larabci a fayil guda, Hausa a wani. Inda ya kamata a yanka kuma, wato inda malam ya rufe ƙissa zai shiga wata, sau da yawa ko numfashi ba ya ja. Ba laifin manhaja ba ne, ita shiru take ji, ba ma'ana ba. Ga karatun littafi mai babi-babi tana iya yin amfani. Ga tafsiri na haƙura.

Sai na koma ga kunnena, kuma nan Audacity ta burge ni, don ko sau ɗaya ban nemi linzamin kwamfuta ba. In taɓa dogon madannin ƙasa, sauti ya tashi. Kibiyar dama tana tsallaka daƙiƙa 1, in na haɗa da Shift ta tsallaka 15. Da na ji malam ya ce "Wallahu a'alam" zai juya magana, sai in danna Ctrl da M, alama ta faɗa daidai wurin, in rubuta mata suna, sauti bai ko tsaya ba. Alt da kibiya kuma suna kai ni daga wannan alama zuwa waccan in sake tabbatarwa. NVDA dai da muryar Bature take karanta sunayen. Yadda take kiran "Ƙissar Annabi Yusuf" sai da yaran gida suka yi ta dariya.

Wajen fitarwa, tun daga siga ta 3.4 an haɗe komai a akwati guda da Ctrl, Shift da E ke buɗewa. A nan ake zaɓar fayiloli da yawa bisa alamomi. Abu biyu nake jan kunne a kai. A tabbata an haɗa da sautin da ke gaban alamar farko, in ba haka ba addu'ar buɗewa ta zube, kamar yadda ta zube mini rana ta biyu don gaggawata. Sannan a sa lamba gaban suna, don wayar Inna ta jera su yadda aka karanta. Ina fitar da fayilolin a MP3, in sa ma'aunin ingancin sautin a 64 kbps. Minti 10 bai cika megabait 5 ba, ya wuce a WhatsApp ba tare da cin data ba, muryar kuma tas. Fayil ɗin aikin da ke cikin Audacity, wanda ba a fitar ba, shi ne ke cin wuri sosai, awa biyu kan haura gigabait guda, shi ya sa nake sharewa da zarar na gama.

Yanzu zaman kowace rana yana zama gutsure 10 ko 12 a katin ajiyar wayar Inna. Jiya da asuba na ji ta tana ce wa jikarta, "Mayar mini na bakwai, wurin rijiyar nan nake son in sake ji."