Dakin gwajin da muka kai naman huhun Baffa a Yawunde

Salam yan uwa, tunda mutanen Garwa da yawa suna ta tambayata inda muka kai gwajin Baffa, bari na amsa gaba daya. Ba zan kama sunan wajen ba don akwai inda zan yi korafi, amma dakin duba nama ne a Yawunde, wanda likitocinmu ke cewa anapat.

Baffa ya kai wata biyar yana tari, ya rame har wuyan jallabiyarsa ya masa yawa, kowa yace tibi ne, akayi gwajin majina sau biyu ba a ga komai ba, sai da akayi skana aka ga kulli a huhun dama. Muka hau mota zuwa Ngawundere, daga nan jirgin kasa na dare zuwa Yawunde, shi yana kwance yana tari ni ina rungume da ambulan din hotuna har gari ya waye. Can aka masa biyopsi, aka tsinko dan nama wlh bai kai kwayar shinkafa ba, aka jefa a kwalbar formol, ruwan maganin dake hana nama lalacewa, ni da hannuna na kai wa dakin gwajin.

Abinda yasa nake yaba musu shine likitar da ta karanta mana resulta. Bata miko takarda tace sai anjima ba, zaunar dani tayi ta juyo min da allon kwamfuta. Tace daji ne, adenokarsinoma, cikin rukunin da ya kai kusan kashi 85 cikin 100 na dajin huhu. Sai ta nuna min kwayoyin, gefensu yayi ja-ja kamar an zagaye su da lalle, tace wannan shine PD-L1, abinda dajin ke sawa a jikinsa, in sojan garkuwar jiki da ake kira T yazo zai kashe shi sai abin ya kama PD-1 dake jikin sojan ya taka masa birki. Tace akan gano irin wannan birkin ne aka ba Tasuku Honjo na Japan da James Allison na Amurka kyautar Nobel a 2018. PD-L1 din Baffa ya haura kashi 50, kuma a nan ne ake iya bada pembrolizumab, maganin dake cire wannan birkin, shi kadai in har ba a samu canji a kwayoyin halittar dajin da ake kira EGFR ko ALK ba.

To ni dama kanina dake karatu a jami'ar Ngawundere ya rubuto min a yar takarda wai nace ayi wa naman gwajin CD68 da CD163, ko nawa ne mu biya. Da na mika mata sai tayi murmushi tace dan'uwana kaninka yana karatu da kyau. Ta bayyana min cewa akwai wasu kwayoyin garkuwa, makrofaj, masu hadiye datti da kwayar cuta, suna da hali biyu, in suna M1 fada suke, in suna M2 gyaran rauni suke suna kwantar da kumburi, shi kuma daji sai ya juya su zuwa M2 su rika taimaka masa da sabbin jijiyoyin jini suna sanyaya sojojin T, kaga mai gadin gida ya koma bude wa barawo kofa. CD68 yana nuna makrofaj gaba daya, CD163 da CD206 suna nuna wadanda suka karkata M2, CD80 da CD86 kuma bangaren M1, kodayake tace a cikin jiki ba a rabe suke tsaf haka ba, da yawa suna tsaka-tsaki. Sannan tace amma yau babu maganin da za a zaba wa Baffa da wannan, aikin masu bincike ne, kuma kowane gwaji yana cin yanki daga naman, naku dan kadan ne, ku bar shi don EGFR da ALK. Wlh da ta karbi kudin nan da ban sani ba, a aljihuna suke.

Inda suka bata min rai kuwa, sunce kwana goma sai da muka haura sati uku, mu kuma bakin gari muna biyan masauki, ka kira waya tayi ta ringin ba mai dauka, sau hudu ina hawa moto naje ace ka dawo jibi. Takardar kuma duk Faransanci ce, Baffa da bai jin komai sai Hausa da Fillanci yana zaune yana kallon bakinmu, ni na rika fassara masa kuma wani abin na kasa fada masa a gaban mutane.

In zaku je ku tafi da duk hotunan skana, kuma ku roki a baku bulo din kakin da aka daskarar da naman a ciki, da shi ake aikawa wani gwajin ba sai an sake huda mutum ba. Namu yana tafe yanzu don EGFR, maganin da ta fada kuma tsadarsa ta fi karfinmu, dangi na ta hada abinda ya samu. Baffa yana gida Garwa, jiya ya sha kunun gyada rabin kofi. Ku sa shi a addu'a dan Allah.