Sharhi kan wani gidan motsa jiki a Samaru bayan ɗokin sabuwar shekara ya lafa

Gidan motsa jikin da na yi rajista da shi a Samaru ta Zariya tun farkon watan Janairu ba shi da kayan aikin da za su burge wanda ya saba da manyan wurare na Kaduna ko Abuja, amma ya yi mini abin da na biya kuɗi dominsa, wato ya riƙe ni a kan hanya bayan ɗokin sabuwar shekara ya lafa. Da wannan ma'aunin nake auna shi, domin ɗaura niyya a watan Janairu ba ta da wuya ga kowa, dorewa a kanta ce ke gagarar mutane.

A makonnin farko wurin cike yake da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ma'aikata, har sai an bi layi kafin a hau injin gudu. Kafin watan Fabrairu ya yi nisa layin ya ɓace. Abubuwa biyu na ga suna korar mutane: sanyin hunturu da hazo, waɗanda ke sa fita bayan sallar Asuba ta yi nauyi, da kuma tsamin jiki, wanda ba ya bayyana a ranar da aka yi aikin, sai bayan kwana ɗaya ko biyu, lokacin da mutum zai ji ko ruku'u da sujada suna yi masa wuya, ya ɗauka cewa ya ji wa kansa ciwo ne.

A nan darajar mai horarwar ta fito. Kafin ya bar ni na taɓa komai, sai da ya tambaye ni ko ina da hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon gwiwa, sannan ya auna jinina ya rubuta. Ya hana ni ɗaga ƙarfe mai nauyi, ya ɗora ni a kan tafiya da sassarfa da keke, ya kuma bayyana mini tun da wuri cewa tsamin jikin zai zo kuma zai wuce. Tsarinsa ya yi daidai da shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2020, cewa baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Ya raba mini wannan zuwa minti 30 a rana, kwana biyar a mako, ya ce in riƙa tafiya da saurin da zan iya yin magana amma numfashi ba zai bar ni in rera waƙa ba. Mutumin da ke da aiki da iyali zai iya cika wannan adadin, kuma wanda ya ga yana cika abin da aka ɗora masa ba ya saurin karaya.

Abin da ya fi tasiri a kaina shi ne wani littafi mai bangon kwali da ke kan tebur a bakin ƙofa, inda kowa ke sa hannu idan ya iso. Mai horarwar yana duba shi da kansa, kuma idan aka rasa mutum sau biyu a jere sai waya ta shigo: "Malam, lafiya dai ko? Ba mu gan ka ba, Allah ya sa ba jikin ba ne." Ba ya faɗa, ba ya gori, amma mutum yakan ji nauyin a sake nemansa. Haka kuma ya haɗa mu rukuni-rukuni bisa unguwanni, 'yan Samaru daban, masu tahowa daga Kwangila da Sabon Gari daban, ta yadda wanda zai makara ya san akwai masu jiransa. A ganina wannan littafin ya fi duk injinan da ke ɗakin amfani.

Azumin Ramadan, wanda a 'yan shekarun nan yake kamawa cikin watanni ukun farko na shekara, shi ne inda niyyar mutane da yawa ke yankewa. Gidan bai rufe ba, sai ya mayar da lokacin zuwa bayan sallar Tarawihi, ya rage nauyin atisayen, aka kuma yi mana bayani a kan shan isasshen ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur. Saboda haka da aka yi Sallah ba sabon farawa muka yi ba, ci gaba muka yi.

Akwai gyare-gyaren da nake fata masu wurin su duba da gaske. Idan aka ɗauke wuta da safe injinan gudu tsayawa suke yi, domin ba a tayar da janareta sai da yamma, alhali masu zuwa da asuba kuɗi ɗaya suke biya. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan tabarmin atisaye, kuma shara sau ɗaya a rana ba ta wadatar ba. Wanda ya fi damuna shi ne lokacin da aka ware wa mata, domin an sa shi da hantsi, daidai lokacin da malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti take bakin aiki, kuma mai horar da su mace ɗaya ce tak. Maiɗakina ta so ta shiga, amma wannan tsarin ya hana ta.

Na sabunta rajistata, kuma ina ba wanda ke zaune tsakanin Samaru da Kwangila shawarar ya gwada wata ɗaya kafin ya biya kuɗin watanni da yawa. Wanda yake Tudun Wada ko cikin birni kuwa, gara ya nemi wuri kusa da gida mai irin wannan bibiyar, domin kuɗin mota da nisan hanya da sanyin safiya za su iya cinye niyyarsa kafin mai horarwa ya kai ga kiransa.