Wasan Daɓe Kan Kuɗin Fansa: Na Yi Dariya, Jikina Kuma Ya Yi Sanyi

Wata ƙungiyar matasa masu wasan daɓe a nan Zariya ta nuna sabon wasanta a zauren taron wata makaranta, kuma na zauna na kalla har ƙarshe. Labarin ba na wasa ba ne. 'Yan bindiga sun ɗauke wani dattijo ɗan kasuwa a farkon 2023, daidai lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200, 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Masu garkuwa sun ce ba taransifa, ba tsohon kuɗi. Iyali ga kuɗi a banki, ga layi, babu na cirowa.

Duk wasan a zauren gidan Alhaji aka yi shi. Tabarma biyu, buta, sai ƙaramar waya a kan kujera 'yar tsugunno, kowa na fargabar ta yi ƙara. Ba a nuna daji ba, ba a nuna bindiga ba, kuma wannan dabara ta burge ni ƙwarai.

Inda ya fi kama ni shi ne lokacin da ƙanin Alhaji ya ɗauki wayar, ya shiga ciniki kamar mai taya sa a kara: "Haba ranka ya daɗe, a duba mana. Yaya fa ya tsufa, ga suga ga hawan jini." Daga can aka ce masa, "Albarka." Wuri ya kaure da dariya. Ana cikin haka uwargida, wadda ba ta ce uffan ba tun farko, ta zare 'yan kunnenta da awarwaro, ta zuba a faranti, ta tura gabansa. Dariyar ta ɗauke ɗif. Matar da ke kusa da ni da bakin mayafi ta share ido.

Na je da tsoron kada a mai da masifar mutane abin nishaɗi, don a cikinmu ba a rasa 'yan Giwa ko Birnin Gwari da abin ya taɓa. Ba a yi hakan ba. Waɗanda aka yi wa ba'a su ne ɗan da ya fara lissafin gado, da maƙwabci mai POS da ke yankar kasonsa a kuɗin ceton rai, da ɗan takarar da ya aiko jaje haɗe da fastarsa.

Akwai gyara. An fara a makare, lasifika na ta ƙugi, muryar amarya ba ta kai kujerun baya. Nasihar da limami ya yi a ƙarshe ma ta yi tsawo, ta maimaita abin da farantin uwargida ya riga ya faɗa.

In sun sake nunawa ku je, ku nemi kujerar gaba. Amma kada a tafi da ƙananan yara, haka wanda aka ɗauke masa ɗan'uwa kwanan nan gara ya dakata tukuna.