Hattara da masu "gwajin kwamfuta kyauta" a Abuja

Masu motoci, musamman masu bin hanyar Kubwa da ta Nyanya, a yi hattara. Akwai wasu samari da ke rakuɓewa a wuraren wankin mota da bakin gidajen mai, da wata 'yar na'ura da suke sokawa a ƙasan sitiyari su haɗa da waya ta Bluetooth. Da sun hangi fitilar injin tana ci a motarka sai ka ji, "Alhaji, kawo a gwada maka kyauta."

Can sai a nuna maka lamba a waya, a ce P0171, sensar salansa ta mutu, kuma ga sabuwa a jaka. To, P0171 ba ta ce sensa ta mutu ba. Cewa ta yi iska ta fi mai yawa a injin. Tiyon iska da ya tsage zai kawo ta, famfon mai da ya gaji zai kawo ta, haka ma ƙura a kan sensar da ke auna iska, kuma ƙura ba baƙuwarmu ba ce lokacin hunturu. Sau da yawa sensar da ake zargi lafiyarta ƙalau, rahoto kawai ta kai.

Su kuwa sai su kwance taka ta asali, su ɗaura tsohuwar da aka wanke da fetur, su goge lambar, fitila ta mutu, ka biya har da godiya. Goge lamba ba gyara ba ne. Bayan 'yan kwanaki fitilar za ta dawo, su kuma sun canja unguwa. Mafi muni ita ce lambar P0420. Da ita suke fakewa su ce "indomi", wato matatar hayaƙi da ke jikin salansa, ta toshe sai an cire, alhali ƙarafa masu tsada da ke cikinta suke hari.

Na'urar kanta ba laifinta. Tsarin OBD-II, wanda ta hanyarsa na'urar ke karanta lambobin matsalar mota, ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, kuma makaniki na ƙwarai da shi yake aiki, sai dai shi zai duba yadda sensar ke aiki injin na kunne, ya bi waya da soket kafin ya ce ka sayi komai.

In an gwada maka, ɗauki hoton lambar kafin a goge, ka kai wa makanikinka. Duk abin da aka cire daga motarka a miƙo maka shi a hannu, kuma kada ka tafi salla ko cin abinci ka bar wani a ƙarƙashin salansarka.